Baƙon Kifi a Gulbi: Laifin Wa, Kuma Mene ne Hukuncinsa?

Baƙon kifi shi ne wanda hannun ɗan Adam ya ɗauko daga ruwan da aka halicce shi a ciki, ya zuba shi a wani ruwan, ya hayayyafa har ya danne kifayen da ya tarar. Baƙuncin ba a jinin kifin yake ba, a wurin da aka kai shi yake. Giwan ruwa ɗan gida ne a Kogin Neja da rassansa. Shi masunta ke fatan kamawa a bikin Argungu, wanda aka fara a 1934, kuma ba a taɓa jin ya ƙarar da kurungu ko kawara ko ragon ruwa ba, domin tun fil'azal tare suke zaune, kowa ya san maɓoyarsa.

Wannan kifin ne aka saka a Tafkin Biktoriya, tsakanin Yuganda da Kenya da Tanzaniya, a shekarun 1950, don a sami babban kifi na kasuwa. Ya yi lamo kusan shekara talatin, sannan a shekarun 1980 ya mamaye tafkin. Akwai ƙananan kifaye dangin karfasa kusan iri 500 da babu su ko'ina a duniya sai can, kuma masana sun ƙiyasta cewa kimanin iri 200 sun ɓace. Ɓarnar ta hau har tudu. Ƙananan kifayen nan a rana ake shanya su, shi kuwa giwan ruwa mai maiƙo ne, sai an yi masa banda, saboda haka aka shiga saran itatuwan gaɓa. An dai sami kuɗi, an buɗe masana'antun gyaran kifi a Mwanza da Kisumu ana kai tsokarsa Turai, amma irin da ya ƙare babu kuɗin da zai dawo da shi. Tarwadar da ake kiwo a ƙasar Hausa ma ta zama annoba a kogunan Indiya da Bangaladash, har hukumomin ƙasashen biyu suka hana kiwonta.

Tambayar da ke gaban Musulmi a nan mai nauyi ce. Kifin halittar Allah ne, yana tasbihi kamar sauran halittu, kuma aya ta 38 a Suratul An'am ta nuna cewa dabbobi al'ummu ne kamar mutane. Ta yaya za a halasta ƙarar da al'umma guda don wata ta rayu? Amsar tana farawa daga ma'anar da malamai suka ba kalmar zalunci, wato ajiye abu inda ba muhallinsa ba. Giwan ruwan da ke haɗiye ƙananan kifaye abin da aka halicce shi a kai yake yi, ba shi da hankali balle a ɗora masa alhaki. Zaluncin ya auku ranar da aka ɗauke shi daga muhallinsa. Aya ta 41 a Suratur Rum ta jingina ɓarnar tudu da ruwa ga aikin hannun mutane, farkon Suratur Rahman kuma ya yi gargaɗi a kan ƙetare ma'aunin da aka kafa. Gulbi yana da nasa ma'aunin: mai ci da wanda ake ci, lokacin ƙwai da lokacin ƙaura. Wanda ya ɓata shi, gyara ya hau kansa.

Gyaran yakan ƙunshi kisa, kuma shari'a ba ta rufe wannan ƙofar ba. Hadisi ingantacce ya ba da izinin kashe wasu dabbobi biyar masu cutarwa ko da a cikin Harami, kuma hadisin hana cuta da cutarwa da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik shi ne tushen ƙa'idar cewa cuta gusar da ita ake yi. Sai dai izinin yana da iyaka. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wani annabi da tururuwa ɗaya ta cije shi, ya sa aka ƙone gidan tururuwan duka, sai aka yi masa wahayi na zargi a kan halaka al'umma mai tasbihi. Abin da ake fahimta shi ne kisan ya tsaya gwargwadon cutar. A ƙasashen waje akan zuba guba a ƙaramin tafki don kawar da baƙon kifi, kuma gubar dangin wadda ke cikin magimfa ce, tsiron da masuntan zamanin da suka sani. Guba ba ta tantance baƙo da ɗan gida. A ruwan da mutane ke sha, dabbobi ke sha, ba ta da wata hujja, kuma masu zuba maganin ƙwari a gurbi don kama kifi suna aikata ainihin fasadin da aka hana. Koma da birgi da mali su ne hanya, a kama baƙon, a ci, a sayar, kada ya tafi a banza.

Wannan magana ta shafi Gulbin Zamfara, wanda ya ratsa ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi kafin ya shiga Jihar Kebbi ya haɗu da Gulbin Sakkwato. Da rani yakan ja baya ya bar gurabe da tafkuna, da damina ya cika ya malale fadamu, ya haɗe ruwan da ke rarrabe. Ta wannan hanyar baƙon kifi ke shiga kogi. Haka ta faru a Amurka: kifayen da aka shigo da su daga Asiya a shekarun 1970 don gonakin kifi suka kuɓuce lokacin ambaliya suka cika Kogin Misisifi, har ta kai an kafa shingen lantarki a ruwa kusa da Chicago don tare su. Ambaliyar da ta ci gidaje a Gummi a watan Agustan 2024 ta nuna yadda ruwan yankin ke tsallake kowace iyaka. Duk kududdufin kiwon kifi da aka haƙa a fadama, ranar ambaliya reshen gulbi ne. Mutanen Bagega da 'Yargalma da Dareta, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010, sun riga sun ga wahalar fitar da abin da ya shiga ƙasa da ruwa.

Riga-kafin ba sabon abu ba ne a yankin. Sarkin Ruwa yakan rufe tafki, ya hana kowa jefa koma sai ranar su, kuma wannan al'adar ta Sarkawa masunta ta yi daidai da hima, keɓe wuri don amfanin jama'a, kamar yadda Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina. Ikon da ke hana fitar da kifi kafin lokaci ya kamata ya kai ga hana zuba kifin da ba a san asalinsa ba. Mai kiwo a Zugu ko Gummi ya tambayi asalin 'ya'yan kifin da aka kawo masa, ya fifita irin da gulbin ya saba da su, ya haƙa kududdufinsa inda ambaliya ba ta kaiwa, ya sa raga a mafitar ruwa. Wanda ya san haɗarin ya yi sakaci, alhakin kifayen da suka ɓace da na masuntan da suka rasa abinci yana wuyansa.