Ko Mai Barci Yana da Alhaki?

Hausawa sukan ce barci ƙanin mutuwa ne. Mai barci ba ya sanin wanda ya shiga ɗakinsa, ba ya kuwa amsa sallama. Don haka ba a ɗora masa laifin abin da ya gani cikin mafarki. Wanda ya yi mafarki ya saci akuyar maƙwabcinsa, ba mai kai shi gaban alƙali da safe. Amma akwai wani irin mafarki da ya sha bamban. Mutum yana tsakiyar mafarki sai ya gane mafarki yake yi, bai kuwa farka ba. Yana sane jikinsa na kwance a gado, amma ga shi a kasuwa, ko a gidan da ya yi ƙuruciya, yana kuma iya zaɓen inda zai nufa da abin da zai yi. Ana iya kiran wannan mafarkin sani. A yau akwai littattafai da masu koyarwa da suke nuna wa mutane yadda za su same shi, waɗansu har suna cewa hanya ce ta kusantar Allah. Tambaya biyu ke nan a gaban mai bi: ko wannan ƙofar wahayi ce, ko kuma yana da alhakin abin da ya aikata a ciki.

Da fari dai, abin gaskiya ne, ba tatsuniya ba. A 1953 masana a Jami'ar Shikago ta Amurka suka gano cewa akwai wani sashe na barci da idanu suke motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsu, a lokacin ne kuwa aka fi yin mafarki. A wannan sashe gaɓoɓin jiki sukan saki, sai idanu da numfashi suke aiki. A 1975 wani masani a Ingila, Keith Hearne, ya shirya da wani mai irin wannan mafarki cewa in ya gane yana mafarki ya juya idanunsa hagu da dama. Na'ura ta nuna mutumin yana barci, ta kuma nuna alamar da aka shirya. Stephen LaBerge ya sami irin wannan sakamako a Jami'ar Stanford, inda ya kammala digirinsa na dakta a 1980. A 2021 masu bincike a Amurka, da Jamus, da Faransa, da Holan suka ba da rahoto cewa sun yi wa masu barci tambayoyin lissafi masu sauƙi, waɗansu kuwa suka amsa daidai da motsin ido ko na fuska. Hanyoyin koyonsa ba asiri a cikinsu: mutum ya riƙa rubuta mafarkinsa da zarar ya farka, ya riƙa tambayar kansa da rana ko a farke yake, ko kuma ya tashi bayan barcin kamar awa biyar, sa'an nan ya koma da niyyar gane mafarkin. Aikin ƙwaƙwalwa ne da ake horarwa, kamar yadda ake horar da hannu ga saƙa.

Ikkilisiyar Afirka ta daɗe da sanin wannan abu. Wajen shekara ta 415 Agustin, bishof na Hippo, a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, ya rubuta wa abokinsa Ebodiyus labarin wani likita mai suna Gennadiyus, mazaunin Kartaj, mai yawan taimakon matalauta, wanda ya taɓa shakkar ko akwai rai bayan mutuwa. Cikin mafarki wani saurayi ya kai shi wani birni inda ya ji waƙa mai daɗin gaske. Wani dare kuma saurayin ya komo, ya tambaye shi ko a farke ya gan shi a karon farko ko cikin barci. Likitan ya ce cikin barci. Saurayin ya sanar da shi cewa yanzu ma barci yake yi, ya tambaye shi inda jikinsa yake. Ya ce yana kwance a ɗaki, idanunsa a rufe. Sai saurayin ya tambaye shi, to, da waɗanne idanu yake gani? Likitan ya rasa amsa, shakkarsa kuwa ta rabu da shi. Abin lura shi ne, Gennadiyus ya san mafarki yake yi, amma ba shi ya shirya mafarkin ba, ba kuma shi ke jan akalarsa ba. Tambayarsa aka yi.

A nan amsar tambaya ta fari take. Allah ya yi magana da Yusufu, da Daniyel, da Yusufu mijin Maryamu ta wurin mafarki, amma ba ko ɗaya daga cikinsu da ya koyi dabarar jawo shi. Saƙo daga wani yake zuwa. Wanda ya rubuta wa kansa wasiƙa, ya aika, ta dawo masa, bai sami labari daga kowa ba. Haka yake ga wanda ya kwanta da niyyar ganin mala'ika ko mahaifinsa da ya rasu, ya kuwa gan su: siffar da maganar duk daga rumbun zuciyarsa suka fito. Irmiya sura 23 ta tsauta wa annabawan da suke shelar mafarkan zuciyarsu da sunan Ubangiji, ta kwatanta mafarkin da ƙaiƙayi, maganar Allah kuwa da alkama. Haɗarin ba ƙarami ba ne. Inda ake ɗaukar mafarki tamkar shaida, kalma ɗaya cewa an ga wance da dare tana bin yaro ta isa a kira tsohuwa mayya, a raba ta da gidanta. In mutum yana iya sa wanda ya ga dama cikin mafarkinsa, ashe mafarki ba zai zama shaida a kan kowa ba.

Tambaya ta biyu ta fi wuya. Agustin ya yi kuka a cikin littafinsa na furci cewa sha'awoyin da ya rabu da su da rana sukan komo masa cikin barci, amma ya ga cewa in ya farka lamirinsa yakan sami salama, gama ba shi ya aikata ba, aukuwa abin ya yi a cikinsa. Toma Akwinas, a ƙarni na 13, ya koyar cewa mai barci ba shi da laifi domin hankalinsa a ɗaure yake, ya kuma lura cewa wani lokaci mai barci yakan gane mafarki yake gani. To, in uzurin mai barci shi ne rashin sani, me ya rage na uzurin sa'ad da sani ya shigo?

Wani zai ce ai ba a cuci kowa ba. Wanda aka mara cikin mafarki bai ji zafi ba, matar da aka rungume ba ta san an yi ba. Gaskiya ne, don haka ba diyya, ba shari'a. Amma cikin Matiyu sura 5 Yesu ya bi kisankai da zina har tushensu, wato fushi da sha'awar zuciya, tun hannu bai taɓa kowa ba. Mafarkin sani ɗaki ne da ba shaida, ba ɗan sanda, ba jin kunyar surukai. Abin da mutum ya zaɓa a can yana nuna abin da tsoron mutane ne kaɗai ya hana shi a farke. Zabura 139 kuwa ta koyar cewa duhu ba ya ɓoye kome daga Allah. Banda wannan, abin da ake maimaitawa yakan zama hali. Wanda yake ɗaukar fansa a kan ɗan'uwansa kowane dare, da wuya ya gaishe shi da zuciya ɗaya ran Lahadi.

Duk da haka kada a ɗora wa masu raunin lamiri kayan da ba nasu ba. Sanin da ake yi cikin mafarki ba cikakke ba ne, yakan zo ya tafi kamar fitila cikin iska. Alhaki gwargwadon sani yake. Mafi nauyinsa yana wurin niyyar da mutum ya ƙulla idonsa biyu, kafin ya kwanta.

Akwai kuma amfani. Waɗansu likitoci sukan koya wa masu fama da mugun mafarki su gane shi, su daina gudu, ko su farkar da kansu. Wanda dannau ya danne shi ma yakan sami sauƙi in ya san cewa hankalinsa ne ya riga jikinsa farkawa, jim kaɗan kuma gaɓoɓinsa za su motsa. Ya yi addu'a, ya jira. Amma manomin da yake katse barcinsa kullum don neman mafarki zai biya kuɗin a gona, Zabura 127 kuwa ta lissafta barci cikin kyautan Allah.

Cikin mafarki ne a Gibeyon aka ce wa Sulemanu ya roƙi abin da yake so, kamar yadda 1 Sarakuna sura 3 ta faɗa. Bai roƙi dukiya ko ran maƙiyansa ba, ya roƙi zuciya mai ganewa domin ya yi wa jama'a shari'a, Allah kuwa ya karɓi zaɓen a matsayin nasa na gaske. Da ya farka, sai ya koma Urushalima ya miƙa hadaya, ba da daɗewa ba kuma ya zauna shari'ar mata biyu masu jayayya a kan jariri ɗaya. Mai bin da ya tarar da kansa cikin mafarkin sani ba ya bukatar tsoro, ba ya kuma bukatar fahariya. Ya yi a can abin da ba zai ji kunyar faɗa wa matarsa ko fastonsa da safe ba.