Harsashi Ba Ya Jin Kira

Wata ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, wani saurayi ɗan ikkilisiyarmu ya biyo ni har ƙofar gida. Yana da ɗan shagon katako a bakin titin Nima, inda yake aika wa mutane kuɗi ta waya. Mako biyu kafin wannan rana, waɗansu mutum biyu a kan babur suka tsare shi da dare, suka nuna masa bakin bindiga, suka kwashe cinikin yini duka. Ya ce mini, "Baba Katakis, an yi mini tayin ƙaramar bindiga ƙirar maƙera, da araha. Zunubi ne in na saya?"

Ban yi saurin amsawa ba, gama tsoronsa na gaskiya ne. Wanda ba a taɓa nuna masa bakin bindiga ba, kada ya yi gaggawar yi wa wani wa'azin haƙuri. Na ce masa, "Ɗana, zauna tukuna, ka gaya mini abin da kake tsammani bindigar nan za ta yi maka." Abubuwan da ya lissafta mini su ne waɗanda nakan ji kullum a wuraren shan shayi na Nima da Mamobi, inda masu bindiga da masu marmarinta suke gardama har dare ya raba. Ya mai karatu, bari mu auna su ɗaya ɗaya, domin ran mutum ne yake kan ma'auni.

Zance na fari shi ne, wai in ka nufi abu da ƙaramar bindiga, ka same shi ke nan. Fim ne ya koya mana wannan. Ƙaramar bindiga gajeren baki ne da ita, ba a kuwa jingina ta a kafaɗa kamar bindigar maharba. Hannu ya ɗan karkata kaɗan, harsashi ya kauce da nisa. A shekara ta 2008 cibiyar bincike ta RAND a Amurka ta duba harbe-harben 'yan sandan birnin New York daga 1998 zuwa 2006. Ta tarar cewa sa'ad da ake musayar wuta, kashi 18 cikin 100 ne kaɗai na harsashinsu yake samun wanda aka nufa. Waɗannan mutane ne da aka horar, aikinsu ke nan. To, ina ga mai shago wanda jikinsa yake rawa cikin duhu? Sauran harsashin kuwa ba ɓacewa yake yi cikin iska ba. Yana tafiyar fiye da mita 300 a daƙiƙa guda, kwanon rufi da katako ba sa tare shi. Ku dubi lungunanmu na Nima, inda ɗaki yake manne da ɗaki, bayan kowane bango akwai tabarmar da yaro yake barci. Da rikicin ƙungiyoyin matasa ya ɓarke a unguwannin nan a watan Janairu na 2022, da rana tsaka, mata 'yan kasuwa da 'yan makaranta ne suka yi ta gudun neman mafaka.

Zance na biyu, wai "ni ba kisa zan yi ba, a ƙafa zan harbe shi." Saurayin nan ya faɗi haka da zuciya ɗaya, yana ganin ya sami hanyar tsare dukiyarsa ba tare da alhakin jini ba. Amma wanda bai iya samun ƙirji ba, yaya zai sami ƙafar da take gudu? In ma ya same ta, a cikin cinya akwai babbar jijiyar jini wadda in ta tsinke mutum yakan mutu cikin 'yan mintoci, tun ba a kai shi asibitin Mamobi ko asibitin soja na 37 ba. Duk wanda ya ja kunamar bindiga a kan ɗan Adam, sai ya sani ya riga ya yarda da mutuwarsa, ko da bakinsa bai faɗa ba.

Zance na uku, wai harbi sama ba ya cutar kowa. Shi ya sa waɗansu suke yi a wurin biki ko jana'iza, ko domin a tsorata ɓarawo. Abin da ya hau sama kuwa sai ya sauko. Harsashin da aka harba a karkace yana iya tafiyar fiye da kilomita guda, ya sauko da ƙarfin da zai fasa ƙoƙon kai. Mai harbin ya koma gida yana murna, bai san a wata unguwa ana makoki ba.

Zance na huɗu, wai in an zare gidan harsashi, bindiga ta zama fanko. Irin ƙaramar bindigar da take ɗura wa kanta, harsashi guda yakan rage a maƙogwaronta ko bayan an zare gidan. Wannan guda ɗayan ne yakan kashe aboki a wurin wasa, ko matar da take share ɗaki. Ita kuwa ƙirar maƙera, irin wadda ake yi a ɓoye a wurare dabam dabam na ƙasar nan, ba wanda ya gwada ƙarfin bututunta. Tana iya fashewa a hannun mai ita.

Zance na biyar shi ne ya fi daɗewa a cikinmu, wato maganin bindiga. Akwai masu rantsuwa cewa da laya ko guru ko wankan sassaƙe harsashi zai zama ruwa. A shekara ta 2001, a ƙauyen Lambu na arewacin Gana, wani saurayi ya yi kwanaki yana shafa maganin boka, sa'an nan ya tsaya aka harbe shi domin gwaji. Nan take ya mutu. Tun kafin wannan, a yaƙin Maji Maji na ƙasar Tanganyika, daga 1905 zuwa 1907, an gaya wa mayaƙa cewa ruwan magani zai narkar da harsashin Jamusawa, dubbai kuwa suka hallaka. Haɗarin layar nan biyu ne. Tana sa mai ita ya shiga inda ya kamata ya guje wa, tana kuma kawar da dogararsa daga Allah zuwa ga ƙullin fata.

In ka lura, ya ɗan'uwa, saiwar zantattukan nan biyar guda ce. Kowannensu yana gaya wa mutum cewa shi ne ubangijin harsashi, zai aika shi inda ya so, ya yi iyakacin ɓarnar da ya yarda. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Magana ma ana iya neman gafararta. Harsashi kuwa ba ya jin kira.

Akwai kuma zance na shida wanda ba a faɗarsa da baki, shi ne wai "na san zuciyata." Mai sayen bindiga ɗan fashi yake tunani. Amma ɗan fashi yakan zo sau ɗaya a shekaru, in ma ya zo, bindigar kuwa tana ƙarƙashin matashin kai dare 365 a shekara. Tana nan ranar da ka yi faɗa da matarka, da ranar da maƙwabci ya zage ka a kan famfo, da ranar da bashi ya sa ka fid da zuciya, da ranar da ɗanka ya ɗaga katifa yana neman kwabo. A shekara ta 1993 likita Arthur Kellermann da abokan aikinsa suka buga bincike a kan gundumomi uku na Amurka. Suka ga cewa gidan da ake ajiye bindiga ya fi wanda babu haɗarin a kashe wani a cikinsa kusan ninki uku, yawanci kuwa a hannun dangi ko na kusa. Amurka dabam, Gana dabam, amma fushin ɗan Adam iri ɗaya ne tun daga Kayinu.

Kada a ce na haramta abin da doka ta halatta. Ɗan sanda da soja da maharbi suna riƙe da makami bisa ga aikinsu. Dokar laifuffuka ta Gana ta 1960 ta yarda mutum ya kare kansa gwargwadon bukata, dokar makamai ta 1972 kuma ta ba da hanyar rajista da lasin a wurin 'yan sanda, wanda ake sabuntawa kowace shekara. Riƙe bindiga ba da izini ba kuwa babban laifi ne. A 2007 ne aka kafa hukumar kula da ƙananan makamai ta ƙasa bisa doka, saboda yawan waɗanda suke yawo ba rajista. Waɗansu 'yan'uwa sukan kawo maganar takobi da take cikin Luka sura 22 domin su nuna ajiye makami ba laifi ba ne. Sai su karanta surar har ƙarshe. A daren nan Bitrus ya zare takobi da kyakkyawar niyya domin ya kare Ubangijinsa, abin da ya samu kuwa kunnen wani bawa ne mai suna Malkus. Yesu ya hana shi, ya kuma warkar da kunnen. In niyyar manzo ba ta iya bi da ƙarfen da yake hannunsa ba, tawa da taka fa?

Saboda haka amsar da na ba saurayin nan ita ce: "Ɗana, sayen bindigar ɓoye karya doka ne, wannan ba gardama. Ko ta lasin ce, kafin ka nema ka tambayi kanka ko za ka iya duban mahaifiyar yaron da harsashinka ya samu a bayan bango." Ya yi shiru ya daɗe. Muka shiga lissafin abin da yake cikin ikonsa: ya sa ƙarfe a tagar shago da fitila a ƙofa, ya daina tara kuɗi har dare, ya riƙa rufewa da wuri, su haɗa kai da maƙwabtansa Musulmi da Kirista wajen tsaron layi tare da sanin 'yan sanda. Kuɗin da aka ƙwace ana iya sāke nemansa.

Kai kuwa da ka riga ka mallaki bindiga bisa doka, ka ɗauki kowace bindiga kamar tana ɗure. Kada ka nuna wa mutum bakinta ko da wasa. Ka kulle ta dabam, harsashi dabam, inda yaro ba zai kai ba. Ranar da ka ji fushi ko baƙin ciki ya yi maka yawa, ka nisanta kanka da ita.

Ubangiji ya tsare Nima da Mamobi da dukan zangunanmu, ya kiyaye hannuwanmu daga jinin marar laifi. Amin.