Haƙƙin Wa Muke Yafewa a Bakin Titi?

Da la'asar sakaliya ne, a kusa da Ƙofar Taramniya, lokacin da 'yan makarantar Islamiyya ke tashi, titi ya cika da 'yan kabu-kabu. Wata mota ta fito daga lungu ba tare da ta tsaya ba, ta bugi wani yaro mai babur. Kafin ƙiftawa da bisimilla mun taru, kamar yadda muka saba. Wasu suka ɗaga babur ɗin, wasu suka jawo yaron gefen hanya. Mai motar ya fito jiki na rawa yana salati. Wani dattijo ya dafa kafaɗar yaron ya ce, "Ɗana, yi haƙuri, abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Alhaji bai yi da gangan ba." Alhaji ya zaro 'yan dubbai ya danƙa masa. Yaron ya dubi taron, ya dubi ƙafarsa da ta fara kumbura, ya ce, "Ba komi Baba, na yafe." Muka ce Allah Ya yi albarka, muka watse, kowa zuciyarsa fari ƙal, an yi sulhu.

Babu wanda ya tambayi takardar inshorar motar, alhali mai yiwuwa tana nan a ninke cikin akwatin gaban mota. Babu kuma wanda ya tambayi yaron ko babur ɗin nasa ne. Galibin masu wannan sana'a na wani suke ja, kullum da abin da za su kai wa mai shi. Idan ƙafar nan karaya ce, wata biyu ko uku zai yi a kwance, ga kuɗin ɗori ko na asibiti, ga gyaran babur, ga mata da 'ya'ya. Mu da muka yi sulhun muna gidajenmu.

Tambayar da ke damunmu tun ranar ita ce: wannan yafiya da muka yi wa kabbara, ta yaron ce ko tamu ce? Kuma wa aka yafe wa?

Yafiya hali ne babba, kuma garin nan ya ginu a kansa. Garin da kowane karo sai an je kotu ba zai zaunu ba. Sau da yawa wanda ya buge ka maƙwabcin surukinka ne, ko kuna sahu ɗaya a masallacin Shehu ranar Juma'a. Amma yafiya kyauta ce, kyauta kuwa tana da sharaɗi biyu: mai bayarwa ya san abin da yake bayarwa, kuma ya kasance yana da ikon hanawa. Yaron nan bai san girman rauninsa ba a lokacin, domin zafin karaya sai jini ya huce yake bayyana. Bai san doka ta tanadar masa wani abu ba. Kuma ba shi da bakin cewa a'a a gaban dattijo mai furfura da mutum talatin suna kallo. Abin da aka karɓa a hannun mutum don kunya, sunansa kyauta a baki kawai.

Idan muka lura da kyau, wannan matsin yana da alkibla. Talaka aka fi roƙo ya yi haƙuri. Da babur ne ya goge gefen sabuwar motar Alhaji, da wuya taron ya ce ƙaddara ce a tafi. Za a riƙe makullin babur har sai an je wurin mai fenti. Tunda ƙaddarar ba ta tuno mu sai idan mai ƙarfi ne ya yi ɓarna, ashe wani abu muke ɓoyewa a bayanta.

Magabatanmu ba su fahimci ƙaddara haka ba. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Sakkwato tun kafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zagaye birnin da ganuwa, ta ɗora lamuni a kan mahayin dabba da mai janta da mai korarta idan ta taka wani abu ta ɓata. Ta kuma faɗi diyyar kisan kuskure: raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Malaman da suka koyar da wannan sun fi mu imani da ƙaddara nesa ba kusa ba, duk da haka ba su ga saɓani tsakanin cewa Allah ne Ya hukunta da cewa wane zai biya ba. Kuskure yana ɗauke zunubin ganganci, bai ɗauke asarar da ta faɗa kan wani ba.

Abin da ya fi jan hankali shi ne wanda ke biyan diyyar. Shari'a ba ta bar mai kuskure shi kaɗai da nauyin raƙuma ɗari ba. Ta ɗora wa aƙilarsa, wato dangin mahaifinsa maza, su haɗa a cikin shekara uku. A zamanin Sayyidina Umar aka mayar da wannan nauyi kan waɗanda sunansu ke cikin diwani ɗaya. Hikimar a fili take: kuskure zai iya faɗa wa kowa, kuma idan aka bar mutum ɗaya da shi, ko ya talauce ko wanda aka cuta ya tashi a tutar babu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yau ina aƙilar direban da ya zo ci-rani daga Gwadabawa ko Tangaza? Ina dangin da za su haɗa kuɗin shekara uku? Wannan giɓin ne inshorar mutum na uku take ƙoƙarin cikewa, ko da kuwa tushenta daban ne. Tun dokar 1945 aka wajabta ta a kan duk motar da ke hawa titi a Najeriya. Ba ta gyara motar mai ita. Aikinta ta biya wanda mai motar ya yi wa ɓarna. Daga 1 ga Janairu 2023, hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta na motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3, ban da batun rauni da rasa rai. Daga 1 ga Fabrairu 2025 kuma 'yan sanda suka tsananta binciken takardar a kan hanyoyi.

To mu fa, don wa muke sayen ta? Mu faɗa wa kanmu gaskiya: don shingen bincike. Shi ya sa wasunmu ke karɓar ta a hannun 'yan bakin ofishin lasisi a kan rabin kuɗi, ba tare da sun damu ko akwai kamfani a bayanta ba, alhali ana iya duba lambar mota a rumbun bayanan NIID ta waya cikin minti ɗaya. Mai takardar bogi yana ganin jami'in hanya ya yi wa wayo. A haƙiƙa wanda ya yi wa wayo wani bawan Allah ne da bai taɓa gani ba, wanda wata rana zai kwanta a gaban tayarsa. Mai takardar gaskiya kuma da ya yi shiru ranar haɗari, ya biya kuɗin shekara shekaru, sannan ya hana mai haƙƙi sanin ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A irin wannan hali, yafiyar yaron ba ta sauƙaƙa wa Alhaji komai ba, domin ba daga aljihunsa miliyan ukun za su fito ba. Kamfanin da ke Legas aka yafe wa, kamfanin da bai roƙa ba, bai ma san an yi ba.

Akwai masu cewa su ba sa neman kuɗin inshora ne saboda shakkar halaccinsa. Wannan uzuri ne mai nauyi, bai kamata a yi masa dariya ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a Jidda a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta saboda gararin da ke cikinta, ta halatta ta taimakon juna. Shehun malami Mustafa Zarƙa na Sham ya tafi a kan halacci. Saɓanin tsoho ne. Amma mafita ta samu: an kafa kamfanin takaful na farko a Sudan a 1979, NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a nan gida a 2013, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna sayar da na mota. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da waccan ba, ga wannan. Wanda kuma ya ƙi duka biyun saboda tsantseni, sai ya shirya biya daga dukiyarsa cif-cif. Tsantsenin da nauyinsa ke sauka a kan ƙafar ɗan kabu-kabu, akwai gyara a cikinsa.

Wasu kuma cewa suke yi wahalar ta fi kuɗin yawa. Nan ma da gaskiyarsu. Sai an sanar da kamfani da wuri, sai rahoton 'yan sanda, sai hotunan wurin, sai ƙiyasin makanike, sai takardun asibiti, sannan a jira. Mutumin da ke neman abin da zai ci yau ba shi da ƙafar wannan zirga-zirga. Wasu kamfanonin kuma sun gane cewa jinkiri ma riba ce, wanda ya gaji zai bari. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Karɓar kuɗin mutane shekara da shekaru sannan a ɓuya a bayan takardu ranar biya cin amana ne, ko da doka ba ta kama kowa ba. Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma idan muka samu hanya, mukan ce wa makanike ya ƙara sifiri a takarda, ko mu haɗa tsohuwar lotsawa da sabuwa. Muna cewa ai kuɗin kamfani ne. Kuɗin kamfanin nan dai gudummawar sauran direbobi ce, kuma kowace ƙarya tamu ita ce hujjar da za a ƙara wa mai gaskiya na gobe wata takarda da wani mako na jira.

Wuri mafi nauyi shi ne inda aka rasa rai. Mun sha zuwa zaman makoki muka ji an ce dangi sun yafe, ba za su karɓi ko sisi ba, aka yaba masu. Wa ya yafe? Galibi baffa ne ko babban wa. Wa zai ɗauki asarar? Matar da ke takaba a ciki da 'ya'ya ƙanana da ba a tambaya ba. Diyya gado ce, ana raba ta kamar sauran dukiyar mamaci, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da faɗin cewa waliyyi ba ya kyauta da dukiyar maraya. Baligi yana da ikon barin rabonsa don Allah, ladansa na nan. Rabon yaro ɗan shekara huɗu kuwa amana ce a wuyan manya. Muna jin kunyar a ce mun ci kuɗin jini, amma ba ma jin kunyar ganin marayan an cire su daga makaranta bayan shekara ɗaya.

Ba muna kira a daina sulhu ba ne. Muna son sulhun ya zo a lokacinsa. Dattijon nan na Ƙofar Taramniya yana da girman da zai iya cewa, "Alhaji, fara kai shi asibiti. Kawo takardarka a ɗauki hotonta. Ɗana, kada ka ce komi yau, sai likita ya gan ka." Alhaji yana iya zama shi ne mai bin kamfaninsa da waya har a biya, tunda shi ya san hanya, shi ke da lokaci da bakin magana. Idan yaron ya warke, ya san abin da ya rasa da abin da aka ba shi, sannan ya dubi Alhaji ya ce ya yafe sauran, ya yafe firgici da kwanan zafi da ba a biya da kuɗi, wannan yafiya ce da babu mai ƙwace masa ladanta.

Ba mu sake ganin yaron ba. Mun dai riƙe fuskarsa lokacin da yake duban taron kafin ya buɗe baki, yana neman mutum ɗaya da zai ce a dakata. Muna cikin waɗanda ya duba, muka sunkuyar da kai.