HAWAN JINI DA CIWON ZUCIYA: A ƊAURE RAƘUMI SANNAN A YI TAWAKKALI

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci zuciya, ya sanya ta tana bugawa kimanin sau 100,000 a kowane yini da dare ba tare da mun umarce ta ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi na Bangi da kewaye, da na Madawa da Buza da Keita, da duk wanda aka karanta wa wannan takarda a masallaci, muna yi wa kanmu da ku wasiyya da tsoron Allah. Babu wani daga cikinmu da bai taɓa tsayawa a sahun jana'izar mutumin da aka ce lafiya lau ya kwana ba. Magidanci ya dawo daga garkar albasa, ya zauna zai yi alwala, sai ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Mace ta haihu lafiya, an yi suna an watse, sai ƙafafunta su kumbura, numfashi ya yi mata wuya, kafin ta yi arba'in an kai ta makwanci. Mukan ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, domin ajali ba ya jinkiri. Amma wasunmu sukan zarce su ce iska ce, ko sammu, ko maita, har a ɗora wa maƙwabci laifin da bai aikata ba. Sau da yawa kuwa abin da ya faru ciwo ne sananne, mai suna, mai awo, mai magani.

HUKUNCIN NEMAN MAGANI

Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) hadisin da ke tabbatar da cewa kowace cuta da Allah ya saukar ya saukar da maganinta. Tirmizi kuma ya kawo labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, sai aka umarce shi ya ɗaure ta tukuna sannan ya dogara. A kan ciwon zuciya kansa, Abu Dawuda ya ruwaito cewa Sa'adu ɗan Abu Waƙƙas (R.A.) ya yi rashin lafiya, Annabi (S.A.W.) ya dafa ƙirjinsa, ya gaya masa zuciyarsa ce, ya tura shi wurin Harisu ɗan Kalada, likitan ƙabilar Saƙifa. Malamai sun yi magana a kan isnadin wannan ruwaya, amma ma'anarta tana da shaida a hadisai ingantattu: wanda addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa ya yarda a je wurin masanin magani.

Magabatanmu sun riƙe wannan hanya. Ibnun Nafis, malamin fiƙihu kuma likita, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, shi ya bayyana yadda jini ke fita daga zuciya ya ratsa huhu ya komo. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi wallafe-wallafe a kan magani duk da nauyin jama'a da ke kansa. Don haka wanda ya ce zuwa asibiti raunin imani ne, ya jingina wa addini abin da ba ya cikinsa.

MENE NE HAWAN JINI?

Zuciya tana tura jini cikin jijiyoyi kamar yadda injin ban ruwa ke tura ruwa cikin tiyo. Idan ƙarfin turin ya wuce ƙima ya daɗe a haka, zuciya takan gaji, ƙoda ta lalace, jijiyar ƙwaƙwalwa ta fashe ko ta toshe. Wannan shi ne hawan jini, wanda wasunmu ke kira tansiyo. Ma'aikatan lafiya sukan tabbatar da shi idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya haura a ranaku dabam-dabam. Babban hatsarinsa shi ne yawanci ba ya ciwo. Mutum zai yi shekaru yana noma yana cin kasuwa, ciwon yana cinsa kamar yadda gara ke cin azara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kimanin mutum ɗaya cikin kowane manya uku a duniya yana da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba.

Shin magani yana hana faɗuwar? An gwada an gani. A 1967 likitoci a Amurka sun bayyana sakamakon bin mutum 143 masu hawan jini mai tsanani, waɗanda aka raba gida biyu. Cikin waɗanda ba a ba magani na gaske ba, 27 sun gamu da mummunar illa ko mutuwa. Cikin waɗanda aka ba magani, 2 kawai. A 2019 kuma Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja da abokan aikinsa sun bi mutum 728 a ƙasashen Afirka shida har wata shida, suka gano cewa haɗin ƙwayoyi biyu da ke ɗauke da maganin amlodipine ya fi sauke jinin baƙar fata. Ashe har zaɓen ƙwayar da ta dace da jikinmu ilimi ne da aka sha wahala kafin a same shi, ba aikin mai tallar magani a faranti ba ne.

ZUCIYAR MAI JEGO

Ya ku ƴan'uwa, akwai ciwon zuciya guda da ƙasar Hausa ta yi suna da shi a littattafan likitocin duniya, kuma a ɗakunan matanmu yake. Shi ne gazawar zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko cikin watannin da ke bin haihuwa. A asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Dakta Davidson da Farfesa Parry sun duba mata fiye da 200 da wannan ciwo ya kama, suka wallafa sakamakon a 1978. Sun lura cewa matan suna shan kunun kanwa da yawa, suna wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma, suna kuma gasa jiki a kan gadon ƙasa da aka hura wuta ƙarƙashinsa. Kanwa tana ɗauke da sinadarin sodiyam, wanda shi ne ke cikin gishiri, kuma yana tara ruwa a jiki. Sai suka yi zaton ruwan da ya taru da tsananin zafi su ne ke yi wa zuciya nauyi.

Bincike bai tsaya nan ba. A asibitin ƙasa na Yamai, Dakta Arnaud Cénac ya bayyana a 1992 cewa matan da ciwon ya kama suna da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jininsu, wanda jiki ke samu daga nama da kifi da ƙwai da hatsi. Daga baya Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranci bin mata 406 a asibitocin Nijeriya, aka wallafa a 2020. An ga cewa a wani asibiti na arewa maso yammacin ƙasar, wato maƙwabtanmu na ƙut da ƙut, ciwon yana kama mace ɗaya cikin kowace haihuwa 96. An kuma ga cewa ramar jiki, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jini lokacin ciki, sun fi al'adun jego alaƙa da shi.

Darasin da ke nan babba ne. Da laifin kanwa ne kaɗai, da mun ɗora wa tsofaffin mata mun huta. Amma binciken ya dawo da maganar kanmu, mu maza masu ciyarwa. Allah (S.W.T.) ya tuna mana a Suratu Luƙman, aya ta 14, irin raunin da uwa ke ɗauka a kan rauni, kuma hadisin Ibnu Umar (R.A.) ya tabbatar cewa za a tambayi magidanci game da kiwon iyalinsa. Me za mu ce ranar nan idan mun sayi ragon suna mai tsada alhali mai jegon ba ta ga ƙwai ko nama ba tsawon cikinta? Me za mu ce idan mun tafi cin rani Nijeriya ko Abijan ba mu bar izinin zuwa awo ba, balle kuɗin mota zuwa Madawa?

ABIN DA YA HAU KANMU

Na farko, kowane baligi ya je gidan likita a auna jininsa, ko da ba ya jin komai, musamman wanda ya haura shekara 40 ko wanda iyayensa suka yi ciwon. Awon ba ya cin lokacin da ake ɗauka ana shan shayi.

Na biyu, wanda aka ɗora a kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi. Ƙwayar tana riƙe jinin ne, ranar da aka daina zai sake hawa. Idan azumi ya gabato a tambayi likita yadda za a mayar da shan zuwa sahur ko buɗa-baki. Wanda likita amintacce ya ce azumi zai cutar da shi, Allah ya ba shi sauƙi a Suratul Baƙara, aya ta 185.

Na uku, a rage gishiri da kanwa da dunƙulen ɗanɗano na kanti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin miya da kilishi. A bar taba. A kuma yi hattara da ƙwayoyin ciwon jiki da manoma ke sha kullum bayan aiki, domin wasunsu suna ɗaga jini suna taɓa ƙoda.

Na huɗu, mai ciki ta riƙa zuwa awo, domin a nan ake gane hawan jinin da ke kawo jijjiga. Tun 2006 hukuma ta sanya awon ciki cikin ayyukan da ta yafe kuɗinsu. Idan mai ciki ko mai jego ta fara kumburin ƙafa ko fuska, ko haki daga ɗan motsi, ko tari da dare, ko ta kasa kwanciya sai a zaune, a kai ta asibiti a ranar. Kada a ce sanyi ne a ƙara mata kanwa da ruwan zafi, domin zuciyar da ta riga ta raunana ba ta ɗaukar ƙarin kaya. A yi mata tofi da addu'a tana bisa hanya.

Na biyar, limamai da masu hali su sanya ido. Akwai talakawa a sahunmu da suka bar magani don babu kuɗin wata guda. Ɗauke musu wannan nauyi sadaka ce da ke hana gida zama na marayu.

Ya ku bayin Allah, jikin nan amana ne a hannunmu. Magani ba ya ƙara wa kowa kwana, Allah ne mai warkarwa, amma za a tambaye mu ko mun riƙi sababin da ya hore mana. Muna roƙon Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sauki masu ciki lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.