Bin Ruwa: Tawakkali Ne Ko Sakaci?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya gudanar da ƙoramu, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A garin New Braunfels na Jihar Teksas, can ƙasar Amurka, akwai wani ɗan kogi da ake kira Comal, wanda tsawonsa bai fi kilomita 4 ba. Daga idon ruwa yake ɓuɓɓugowa, ga sanyi, ga rashin gaggawa. Idan zafi ya tsananta, daga watan Yuni zuwa Agusta, sai mutane su hura robar cikin tayar mota, su kishingiɗa a kanta, ruwa ya yi ta tafiya da su sannu a hankali na sa'a biyu ko uku, ba tuƙi, ba wahala.

To, wannan hali yana ta da wata mas'ala: shin wanda ya saki jiki al'amura suna tafiya da shi, mai tawakkali ne ko kuwa mai sakaci?

Shi dai hutu ba laifi ba ne. Muslimu ya ruwaito cewa sahabi Hanzala ya zargi kansa da munafunci, domin zuciyarsa takan koma ga iyali da sana'a idan ya bar majalisin Annabi (S.A.W.), sai Annabi ya nuna masa cewa kowane abu da lokacinsa. Saboda haka shaƙatawa a ruwa halal ce, muddin ba tsiraici, ba giya, ba a kuma bar salla ta wuce ba. Akwai ma darasi cikinta ga wanda kwaɗayi ya hana shi barci, watau zafin nema ba ya kawo samu.

Amma fa sakin jikin nan yana da sharaɗi. Mai hankali ba ya shiga sai ya duba robarsa ko tana yoyo, ya sa wa yaro rigar da ke hana nutsewa, ya kuma tambayi inda ake fita. Kusa da ƙarshen Comal akwai mafitar ƙarshe. Wanda ya shagala ya wuce ta, sai ruwa ya miƙa shi babban kogin Guadalupe. Shi kuwa Guadalupe, da ake wannan wasa a kansa shi ma, ranar 4 ga Yuli 2025 kafin gari ya waye ya yi ambaliya can sama a yankin Kerr, ya hau wajen ƙafa 26 cikin minti 45, fiye da mutum 130 suka halaka a ambaliyar. Mafi yawansu ba wasa suke yi ba, dare ne ya rutsa da su. Abin lura shi ne, kwanciyar ruwa ba alkawari ba ce.

Alƙur'ani mai girma ya warware mas'alar cikin Suratul Ƙasasi. Mahaifiyar Annabi Musa (A.S.) ta saki jaririnta a kogi bisa umarnin Allah, alhali ba ta san inda ruwa zai kai shi ba. Babu tawakkalin da ya wuce wannan. Duk da haka sai da ta sa shi cikin akwati, kamar yadda Suratu Ɗaha ta bayyana, sa'an nan ta umarci 'yar'uwarsa ta bi sawunsa. Ta dalilin yarinyar nan ne Allah Ya komar mata da ɗanta. Haka kuma Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna, kana ya dogara ga Allah.

Ashe ke nan tawakkali aikin zuciya ne, ba ya sauke wa gaɓoɓi nauyinsu. Uban da ya bar 'ya'yansa ba karatu ba sana'a, da mai bashin da ya ƙi shirin biya, da majinyacin da ya ƙi magani, suna cewa sun bar wa Allah, duk sun shiga ruwa ne ba akwati. Rayuwa kogi ce mai tafiya ko an so ko an ƙi, mafitarta ta ƙarshe kuwa ba wanda aka sanar da shi ranarta. Wanda ya yi shiri, shi ya cancanci ya kishingiɗa.

Allah Ya sa a dace, amin.