Hutu a Bakin Tafki: Wa Ya Huta?

Karatu: Maimaitawar Shari'a 5:12-15, Yohanna 21:1-14

Ɗan'uwa mai karatu, idan ka taɓa zama a Kumasi, da wuya a ce ba ka ji labarin Tafkin Bosomtwe ba. Yana kudu maso gabas da birnin, tafiyar kamar kilomita 30. Masana sun ce wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sararin sama tun zamanin da, ya haƙa rami, ruwa ya cika shi. Faɗinsa ya kai kamar kilomita 8, tuddai masu itatuwa sun kewaye shi, a shekara ta 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu. A bakinsa akwai masaukan baƙi. Da ƙarshen mako sai ka ga motoci cike da iyalai da abokai, ko ƙungiyar mawaƙa, ko matasan ikkilisiya, suna gangarawa ƙauyen Abono da tukwane da tabarmi, za su shaƙata.

Wataƙila ku ma kuna shirya irin wannan tafiya, ko can, ko bakin wani ruwa kusa da ku. Kada zuciyarka ta kashe ka a kan haka. Hutu ba zunubi ba ne. A Markus sura 6, sa'ad da manzanni suka komo daga aikin da aka aike su, jama'a suka yi ta kai da kawowa har ba su sami zarafin cin abinci ba, Ubangiji Yesu da kansa ya ɗauke su a jirgin ruwa zuwa wurin da ba kowa, domin su huta. Wanda ya halicci jiki ya san iyakarsa. Zumunci kuma a ƙafa yake.

Amma akwai tambaya ɗaya da ya kamata ka yi wa kanka tun kafin a loda kaya: cikin dukan waɗanda za su shiga motar nan, su wa za su huta?

Ka duba umarnin Asabar yadda yake a Maimaitawar Shari'a sura 5. Allah bai ba maigida hutu shi kaɗai ba. Ya lissafta ɗa da 'ya, bawa da baiwa, sa da jaki, har baƙon da yake zaune a garin. Ya kuma faɗi dalili: Isra'ilawa sun taɓa zama bayi a Masar, sun san yadda yake mutum ya yi ta aiki wani yana kwance. Ashe, a wurin Allah, ma'aunin hutun gida shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsa. Idan shi bai huta ba, hutun sauran da saura.

To, bari mu ɗauki ma'aunin nan mu auna tafiyarku.

Mu fara da kuɗi. An ce kowane gida ya kawo kaza, domin mota da ɗaki da abinci. Ga wani, wannan bai kai abin da yake kashewa a man mota ba. Ga wani kuwa, kuɗin makarantar yaro ne. Ba zai faɗa a gaban jama'a ba. Ko dai ya ci bashi don kada a raina shi, ya kwana biyu yana dariya a bakin ruwa zuciyarsa tana lissafi, ko kuwa ya ce yana da uzuri, 'ya'yansa su ga hotunan abokansu a waya ranar Litinin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manzo Bulus ya tsawata wa ikkilisiyar Koranti a kan irin wannan, domin a taronsu na cin abinci wani yakan ƙoshi har ya wuce kima, wani kuma ya tashi da yunwa, marasa abin hannu suna shan kunya. Maganin ba shi da wuya. A zaɓi masaukin da mafi ƙarancin hali zai iya biya. Mai hali ya ƙara a asirce, a hannun mutum ɗaya amintacce. Kada a karanta sunaye da abin da kowa ya bayar. A kuma tuna da gwauruwa da ɗalibi, waɗanda ba wanda ya gayyata domin an riga an yanke musu hukunci cewa ba za su iya ba.

Sai aiki. Ka lura da abin da yakan faru idan an isa. Maza su shimfiɗa tabarma a inuwa, hira ta kankama. Mata kuwa sun tashi tun asuba sun dafa wake da shinkafa na hanya, yanzu ga hura wuta, ga gyaran kifi, ga wanke-wanke, ga goyo. Wurin girki kawai aka canja musu. Ga kuma kula da yara, wanda ba ƙaramin aiki ba ne a wurin da ruwa yake, gama Bosomtwe yana da zurfin kusan mita 80 a tsakiya. Wadda idonta yake kan yara tun safe har dare ba ta ga tafkin ba, ko da a bakinsa take zaune. Sau da yawa ma yarinyar da take taya aiki a gida ce aka ɗora wa wannan, an zo da ita, amma ba don ta huta ba. Ita ce umarnin Asabar ya ambata.

Za ka ce, ai dole wani ya yi girki, ba yadda za a yi kowa ya kwanta a lokaci ɗaya. Gaskiya ne. Abin da ake nema shi ne a yi karɓa-karɓa. A raba yini tun daga gida, a san mai kula da yara da safe da mai karɓarsa da rana, maza a ciki. Idan kana jin gasa kifi ya fi ƙarfin girmanka, ka karanta Yohanna sura 21. Almajirai sun kwana suna jefa taru a Tekun Galili, wanda shi ma tafki ne, ba su kama kome ba. Da gari ya waye suka fito gaci, suka tarar da garwashin wuta, da kifi a kai, da gurasa. Wa ya hura wutar? Ubangiji ne, bayan tashinsa daga matattu. Shi ya kira gajiyayyu su karya kumallo, shi ya miƙa musu da hannunsa. Wane maigida ne ya fi shi girma?

'Yar'uwa, ke ma akwai naki. Idan an karɓe ki, ki yarda a karɓe ki. Ko miyar ba ta yi yadda kike so ba, ki zauna ki huta. Karɓar alheri ma tawali'u ne.

Na uku, mutanen wurin. Inda kuka je hutu, wurin neman abincin waɗansu ne. A Bosomtwe za ka ga masunta zaune a kan falankin itace maimakon kwalekwale, bisa ga al'adar Ashanti waɗanda suke girmama tafkin, suna tura ruwa da hannu suna neman karfasa. Akwai mai share ɗaki, da mai gadi, da mai kawo abinci. Ka gaishe su. Kada ka taya kifin mutum da wulaƙanci don ka ga yana bukata. Kada ku raba ƙauye da barci da kiɗanku. Ku kwashe ledojinku da robobinku, gama tafkin ba shi da kogin da yake fita daga cikinsa, abin da aka zuba a ciki yake zama. Sun ga sunan ikkilisiya a jikin motarku, sun ji kuna waƙoƙin yabo da safe. Abin da za su tuna shi ne yadda kuka yi da su.

Ranar Lahadi da yamma, idan mota ta hau tudu za ku koma gida, ka dubi fuskokin da suke ciki ɗaya ɗaya. Labarin zuciya a tambayi fuska. Idan matarka da yarinyar gidanku da ɗan'uwan nan mai ƙaramin ƙarfi sun komo da sauƙin rai kamar kai, to, kun huta, kun kuma yi zumunci. Idan ba haka ba, kun san abin da za ku gyara kafin tafiya ta gaba.

Abin tunani: A hutun da kake shiryawa, wa zai ɗauki nauyin da ka sauke? Wane lokaci za ka karɓe shi?

Addu'a: Ya Uba, mun gode maka domin kyautar hutu da ta 'yan'uwa. Ka buɗe idanunmu mu ga masu gajiya a cikinmu. Ka ba mu zuciya irin ta Ɗanka, wanda ya yi wa almajiransa hidima a bakin ruwa. A cikin sunan Yesu. Amin.