Ɗana, Daina Haɗiye Damuwar Aiki

Ɗana, na san halin da kake ciki. Kana fita tun asuba, sai bayan isha'i ka dawo. Oga na jiran rahoto, albashi kuwa ya ƙare tun goma ga wata. Barci ya ƙaurace maka, abu kaɗan ka hau yara da faɗa, amma ana tambayarka sai ka ce lafiya lau. To, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Wannan ciwo ne, kuma ba kanka farau ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon damuwa da fargaba na cinye ranakun aiki biliyan 12 duk shekara. Shi ya sa a 2022 ta shawarci ma'aikatu su koya wa shugabanni gane ma'aikacin da abin ya fara ci, su kuma sassauta masa nauyi. Wasu wuraren aikin har sun tanadi ƙwararren mai ba da shawara da za ka gani kyauta. In naku na ciki, don Allah ka je.

Na san abin da ke riƙe maka ƙafa: kada a ce ka zautu, kada maganar ta kai kunnen oga a hana ka ƙarin girma. Tsoron nan ba na banza ba ne, mun san halin ofis da tsegumi. Sai dai aikin mai ba da shawara kan sirri aka gina shi. Tun zaman farko ka tambaye shi wa zai ga takardunka, haƙƙinka ne. A Nijeriya ma, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta hana nuna wa mai wannan lalura wariya.

Kada kuma wani ya ce maka raunin imani ne. Mai hawan jini yana addu'a, yana shan maganinsa.

In ba ku da tanadin mai ba da shawara a wurin aikinku, ka fara da likitan asibitinku. Akwai asibitocin ƙwararru a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Dawanau ta Kano. Abin da ban yarje maka ba shi ne neman sauƙi wajen tiramadol ko kodin.

Ran Litinin ka shiga ofishin kula da ma'aikata, ka tambayi abin da suka tanada. Allah ya yaye maka.